Jinyar kyanwa a gidan aure: inda ake saɓawa da abin da ke raba gardama

"Malam, kyanwar nan fa tun jiya da safe ba ta sa komai a baki ba."

"Haba Hajiya, da na shigo na gan ta kwance ƙarƙashin kujera lafiya lau. Wataƙila ɓera ta kama ta ƙoshi. A bar ta zuwa jibi mu gani."

Daga irin wannan 'yar magana rigimar jinyar kyanwa take tashi a gidaje da yawa, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Kyanwa dabba ce mai ɓoye ciwo. Lafiyayya ma takan kwashe awa 12 zuwa 16 tana barci a rana, don haka wanda ya fita da safe ya dawo bayan magariba ba zai bambance mai hutawa da wadda ciwo ya kwantar ba. Wadda ta wuni a gida kuwa ta ga kwanon abinci yana nan yadda aka ajiye shi, ta ga kyanwar ba ta zo ƙofar kicin tana kuka ba, ta ga gashin bayanta ya yamutse saboda ta daina lasar jikinta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A wani gidan maigida ne mai kyanwar, uwargida ce ke ganin ana zuzuta abin. Duk ɗaya ne.

Saɓanin da ake yi iri biyu ne, kuma cakuɗa su shi ke sa magana ta ƙi ƙarewa. Akwai wanda jikin kyanwar ne ke yanke hukunci a kansa: shin ciwon ya yi tsanani, shin za a iya jira, shin maganin nan zai yi mata. Wannan aunawa ake yi, ra'ayin kowa ba ya canja shi. Akwai kuma wanda hakki ne na mutanen gida: nawa za a kashe, wa zai kwashe kashi, wane ɗaki za ta kwana. A nan kowa yana da ta cewa, har wanda ba ya son kyanwar.

Aunawar ba ta buƙatar kayan asibiti. A zuba abinci da cokali a ƙirga, a duba abin da ya rage bayan awa ɗaya. Babbar kyanwa da ta cika awa 24 ba ta ci komai ba, a kira likitan dabbobi a ranar. Ƙarama da ba ta kai wata uku ba, rabin wannan lokacin ma ya yi yawa, don sukarin jininta saurin faɗuwa yake yi. Dalilin da ya sa "a bari zuwa jibi" ke da haɗari shi ne hantar kyanwa ba ta jure yunwa. Idan ta yi kwanaki ba ci, jiki yakan kwaso kitsen da ya tara ya tura wa hanta, hantar ta cika da kitse ta kasa aiki, sai a ga cikin kunne da farin ido da dasashi sun koma rawaya. Mai ƙiba ce ta fi saurin shiga wannan halin, ita ce kuma wadda aka fi cewa "ai tana da jiki, ba abin da zai same ta". Ruwa kuwa, tana buƙatar kamar mililita 50 a kowane kilo na nauyinta a rana, har da wanda ke cikin abinci. Mai kilo 4 ke nan mililita 200, bai kai rabin ledar ruwan sha ba. A ɗaga fatar da ke tsakanin kafaɗunta a saki: idan ta koma nan take da sauƙi, idan ta tsaya a tsaye ko ta koma a hankali, ruwan jikinta ya yi ƙasa. A taɓa dasashinta da yatsa: ya kamata ya zama jaja-jaja mai danshi, ba fari fat ba, ba mai danƙo ba.

Numfashi ana ƙirga shi ne tana barci, ba tana gurnanin jin daɗi ba. A kalli haƙarƙari, ɗagawa da sauka ɗaya ke nan, a ƙirga na daƙiƙa 30 a ninka biyu. Ƙasa da 30 a minti shi ne daidai. Idan ya haura 40, ko tana buɗe baki tana haki kamar kare, ba a kwana da wannan. Zafin jiki kuma ba a gane shi da taɓa kunne ko duba hanci ko ya bushe. Ma'aunin zafi na zamani ake shafa wa basilin a sa a dubura kamar santimita ɗaya zuwa biyu, mutum ɗaya yana riƙe da ita. Daga digiri 38 zuwa 39.2 lafiya ne. Abin da ya wuce 39.5 zazzaɓi ne, 40 zuwa sama ko ƙasa da 37.5 kuma na asibiti ne kai tsaye. Idan miji da mata suka tsaya tare suka yi waɗannan gwaje-gwajen, minti goma ya ishe su, kuma gardamar "ke dai kin cika tsoro" ko "kai dai ba ka damu ba" ta mutu, don lamba ce a gabansu.

Akwai hali guda da ya kamata duk mai muzuru ya sani tun kafin ya faru. Muzurun zai je wajen yashinsa ya tsuguna, ya daɗe yana yunƙuri, wutsiya tana rawa, ya tashi ba abin da ya fito sai ɗigo biyu, wani lokaci da jini. Bayan 'yan mintuna ya koma. Yana lasar gabansa ba ƙaƙƙautawa, in an ɗauke shi ta ciki ya yi ƙara. Mafi yawan mutane cewa suke yi kashi ne ya ƙi fita, har a fara neman man zaitun a ɗura masa. Alhali hanyar fitsarinsa ce ta toshe. Ta muzuru siririya ce kuma doguwa, ɗan tsakuwa ko majina kaɗan ya isa ya rufe ta. Mafitsara ta cika ta yi tauri kamar lemon tsami a ƙasan ciki, guba ta taru a jini, sinadarin fotashiyam ya hau har ya taɓa bugun zuciya. Cikin kwana biyu zuwa uku yana iya mutuwa. Kada a matsa cikin da sunan taimako, mafitsarar tana iya fashewa. Lafiyayyar kyanwa tana fitsari sau 2 zuwa 4 a rana, don haka yashin da ya wuni a bushe alhali muzuru yana ta zarya a kai hujja ce da ta isa. A irin wannan ranar duk wanda ke gida ya ɗauke shi ya tafi, a yi bayani ta waya a hanya. Kyau ma'aurata su yi wannan yarjejeniyar tun ana zaune lafiya: toshewar fitsari, haki da baki buɗe, jijjiga, zubar jini, shan guba, aman da ya ƙi tsayawa, waɗannan ba sa jiran wani ya dawo daga kasuwa ko ofis.

Sai maganar magani, inda niyya mai kyau ta fi yin kisa. Sau da yawa wanda ba ya son a kashe kuɗin asibiti ba mugu ba ne, yana ganin akwai farasitamol a gida, me zai hana a ɓalla mata kwata. Amsar ita ce hantar kyanwa ba ta da isasshen sinadarin da ke narkar da farasitamol kamar yadda ta mutum ke yi. Maganin yana lalata jajayen ƙwayoyin jini har su kasa ɗaukar iska. Miligiram 10 a kowane kilo yana iya fara yin illa, wato miligiram 30 ga kyanwa mai kilo 3, alhali kwatar ƙwaya mai 500 miligiram 125 ce. Na ruwa na yara ma bai tsira ba, cokalin shayi ɗaya yana ɗauke da kusan 120. Cikin 'yan awanni dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska da tafin ƙafa su kumbura, numfashi ya yi wuya. Akwai makarinsa a wajen likita, amma sai an yi sauri. Idan wani ya riga ya ba ta, ya faɗa nan take, ya faɗi adadi da lokaci, ɗayan kuma ya ajiye faɗa sai an dawo. Tsoron faɗa yana sa mutum ya yi shiru, shirun nan kuma shi ke cinye lokacin da za a ceto ta. Ibufurofen da daikulofenak su kuma ƙoda suke kashewa, su ƙwaƙule ciki.

Maganin dabbobi ma ba duka ne nata ba. Gidan da ake kiwon kaji ko tumaki akan ce ai na dabbobi ne, a ɗiga mata kaɗan. Enrofuloksasin da ake zuba wa kaji a ruwa, idan ya wuce miligiram 5 a kowane kilo a rana yana iya makantar da kyanwa, makantar da sau da yawa ba ta warkewa. Allurar aibamektin ta shanu tana da miligiram 10 a kowace mililita, abin da kyanwa mai kilo 3 za ta ɗauka bai kai kashi ɗaya cikin goma na mililita ba, wanda ya zuƙo rabin mililita da ido ya ninka mata kusan sau takwas. Maganin ƙuma da kaska na karnuka mai sinadarin famitirin yana sa ta karkarwa da jijjiga, ko da karen aka shafa wa ta je ta goge shi. Fiya-fiya da ake yayyafawa don sauro da kyankyasai ma haka, ta taka ta lashe ƙafa. Idan kuma ana zargin ta ci guba, al'adar ɗura manja ko madara ko ruwan gishiri ba ta fitar da komai. Manjan yana iya sarƙe ta ya gangara huhu, gishirin kuma guba ce ta biyu. A ɗauki kwalbar ko ledar abin da ta ci a tafi da ita. Wani nau'in maganin ɓera mai tsinka jini ba ya nuna alama sai bayan kwana 3 zuwa 5, shi ya sa "ga ta nan garau" ba hujja ba ce. Maganinsa bitamin K1 ne na tsawon makonni. Da muguwar rawa gara ƙin tashi: in ba a samu likita a daren ba, a ajiye ta wuri mai natsuwa da ruwa a gabanta, kada a ba ta komai daga akwatin maganin gida.

Kuɗi kuwa magana ce ta gaskiya, kuma bai dace a mayar da mai tambayar kuɗi marar imani ba. Mutumin da ke lissafin kuɗin makaranta da buhun masara yana da hakkin ya san inda za a tsaya. Abin da ke ɓata rai shi ne a shiga asibiti ba a yi magana ba, a fito da takardar kuɗi, ɗaya ya ji an yi masa dole. Gara a zauna tun a gida a yanke iyaka: zuwa nan za mu iya ba tare da sake shawara ba, abin da ya haura sai mun yi magana. A gaban likita kuma a yi tambaya huɗu ba kunya. Me kake zato? Wane gwaji ne sakamakonsa zai canja maganin da za ka bayar? In kuɗinmu bai kai duka ba, wanne za a fara? Kwana nawa za mu jira kafin mu san yana aiki? Likitan kirki ba ya jin haushin wannan, yakan jera abubuwa daki-daki, a fara da ƙarin ruwa da maganin amai, misali, a bar hoto sai in ba a ga sauƙi ba. In da hali su je tare, in babu a sa wayar a amsa-kuwwa, don bayanin da aka kawo gida a baki yakan rage ko ya ƙaru gwargwadon ra'ayin wanda ya kawo shi. A kuma nemi wanda ya saba duba ƙananan dabbobi, tunda da yawa daga likitocinmu aikinsu ya fi karkata ga shanu da kaji. Akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri, ban da asibitocin gwamnati a manyan birane. Wajen tafiya a sa ta a kwando mai murfi ko kwali mai ƙwari da aka huda, a shimfiɗa tsumma. Ba a sa ta a buhu, ba a sa ta a but ɗin mota, balle a zafin watan Afrilu.

An dawo gida da leda cike da magani, a nan ne aikin yake, a nan ne kuma gajiya ke fara magana. Kuskure biyu ne suka fi yawa, kuma dukansu daga rashin rubutu suke. Ko kowa ya ɗauka ɗayan ya bayar, a tsallake, ko kowa ya bayar, a ninka. Maganin ciwo irin meloksikam sau ɗaya ake ba da shi a rana, ninka shi yana taɓa ƙoda, kuma ana dakatar da shi a kira likita idan ta fara amai ko ta daina ci da sha. Takarda ɗaya a manne a bango ta wadatar: kwanan wata, sunan magani, lokaci, wanda ya bayar ya sa alama a take. A gefe a rubuta cokali nawa ta ci, ta yi fitsari ko ba ta yi ba, ta yi amai sau nawa. In an manta da na safe ba a haɗa shi da na dare. "Sau biyu a rana" kuma yana nufin tazarar awa 12, kamar bayan asuba da bayan magariba, ba ƙarfe goma na safe da azahar ba. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ana kai shi ƙarshen kwanakin da aka rubuta, ko da ta warware a kwana na uku. Nauyi a auna shi mako-mako: mutum ya hau sikeli da ita, ya sauke ta ya sake hawa, a debe. Daga kilo 4 zuwa 3.6 kashi goma cikin ɗari ne ya tafi, ido ba ya gani saboda gashi.

Ba da ƙwaya aikin mutum biyu ne, kuma ya fi kyau wanda kyanwar ta fi yarda da shi ya riƙe, ɗayan ya bayar. A shimfiɗa tawul a kan tebur, a ɗora ta, a naɗe ta tsaf har wuya yadda ƙafafun gaba ba za su fito ba, bayanta ya jingina da cikin mai riƙon. Mai bayarwa ya dafa kanta ta sama, babban yatsa da manuni a kan ƙasusuwan kumatu, ya ɗaga hancin sama a hankali. Muƙamuƙin ƙasa zai saki da kansa. Da yatsan tsakiya na ɗaya hannun ya danna ƙananan haƙoran gaba na ƙasa, ba fiƙoƙin ba, ya jefa ƙwayar can tsakiyar bayan harshe, ya rufe bakin, ya sauke kan daidai, ya shafa maƙogwaro. In ta lashi hanci ta haɗiye. Sai a bi da ruwa mililita 3 zuwa 5 a sirinji marar allura, ta gefen baki bayan fiƙa, kaɗan-kaɗan, kai a daidaice don kada ta ƙware. Ruwan nan ba ado ba ne: ƙwaya irin doksisaikilin in ta maƙale a hanyar abinci tana ƙona wurin har ya tsuke daga baya. In an gwada sau biyu abin ya ƙi, a sake ta, a dawo bayan rabin awa. Kokawa ba ta ƙara komai sai cizo, cizon kyanwa kuma a hannu saurin ruɓa yake yi, don haƙorin siriri ne yana kai ƙwayar cuta ciki ramin ya rufe. Kada a daka ƙwaya sai an tambayi likita, wasu ɗacinsu yana sa ta dalala da kumfa. Kada kuma a ɓoye ta a babban abincinta, in ta gane za ta ƙaurace wa abincin gaba ɗaya.

Abinci ma ana ja a kai. Ɗaya yana so a ɗura mata ko ta halin ƙaƙa, ɗaya yana cewa in ta ji yunwa za ta ci. Duka biyun akwai gyara. Ɗura da ƙarfi yana sa ta tsani abincin, yana kuma iya kai shi huhu. Zuba ido kuma an riga an faɗi abin da yake yi wa hanta. Hanyar tsakiya ita ce a dafa tsokar kaza ko kifi da ruwa zalla, ba gishiri, ba dunƙulen miya, ba albasa, ba tafarnuwa, a cire ƙaya, a marmasa da ɗan romonsa, a ba ta da ɗumi kamar ɗumin jiki. Cokalin shayi ɗaya ko biyu duk bayan awa biyu zuwa uku, a ɗauke abin da ta bari bayan minti 20. Albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jininta, dafaffu ko ɗanyu, shi ya sa ragowar miya da naman da aka barbaɗa wa yaji ba abincin jinya ba ne. Madara kuma yawancin manyan kyanwoyi ba sa iya narkar da ita, gudawa take ƙara musu. Mai mura sau da yawa ƙin cinta daga toshewar hanci ne, kyanwa ba ta cin abin da ba ta ji ƙamshinsa ba. A goge majina da kwantsa da auduga da ruwan ɗumi, a zauna da ita minti 10 zuwa 15 a banɗaki kusa da bokitin ruwan zafi mai tururi, sannan a miƙa abincin. Kaza zalla ta 'yan kwanaki ce, ba ta isa abincin dindindin ba.

Wurin kwana da tsabta, a nan ne wanda ke ƙyama yake da gaskiya fiye da yadda mai kyanwar ke so ya yarda. Hadisin Abu Ƙatada da ke cikin Muwaɗɗa ya nuna kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu, amma fitsarinta da kashinta najasa ne a wajen malamai, kuma marar lafiya takan yi su inda ba ta saba ba. Wanda ya ce ba ya so a kan darduma ko gadonsa bai yi laifi ba. Keɓe ta ma ya fi mata: ɗaki ko lungu mai siminti ko tayil, mai iska, ba rana, da kwali a kife da ƙofa don ta ɓuya, da faranti mai gajeren baki cike da yashi kamar santimita 5, nesa da kwanon abinci. Wajen wanki a guji Dettol da Izal a inda take takawa, sinadaransu suna cutar da kyanwa. A fara wanke wurin da omo da ruwa, sannan a zuba bilic, wato ruwan wankin fararen kaya, mililita 30 a lita ɗaya ta ruwa, a bar shi minti 10, a ɗauraye, ya bushe kafin ta dawo. Ba a zuba bilic kai tsaye a kan fitsari, hayaƙin da ke tashi yana shaƙe mutum da dabba.

In uwargida tana da juna biyu, rabon aiki ya canja, ba kuma sai an kori kyanwar ba. Abin tsoron shi ne ƙwayar toksofilasma da ke fita a kashin kyanwa, wadda ke iya taɓa ɗan tayi in uwa ta kamu da ita karon farko tana da ciki. Ƙwayar ba ta iya kama mutum sai kashin ya kwana ɗaya zuwa biyar, don haka kwashe shi kullum yana rage haɗarin ƙwarai, kuma maigida ne zai kwashe. In dole ita ce, da safar hannu, ta wanke hannu da sabulu. Shafa bayan kyanwa ba ya cikin hanyoyin kamuwa da aka sani da yawa, naman da bai dahu ba da ganyen da ba a wanke ba sun fi zama hanya. Makero kuwa yana tsallakawa zuwa yara da sauƙi: in an ga gashi ya zube a zagaye a kunne ko fuska, a raba ta da yara, a wanke shimfiɗarta daban, a sa rai da jinyar mako shida ko fiye. Kyanwar da ke yawo waje ba rigakafi, ta canja hali farat ɗaya, tana dalala, ta kasa haɗiya, musamman in kare ya taɓa cizon ta, kada kowa ya sa hannu a bakinta neman ƙashi. A rufe ta a kira likita, don ciwon haukan kare yana kama kyanwa. Wanda ta ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 ya wuce asibiti a ranar.

Ciwon da ya fi gwada zaman gida shi ne wanda ba ya warkewa, kamar ciwon ƙoda na tsohuwar kyanwa: yawan shan ruwa, yawan fitsari, rama a hankali, warin baki. Ana iya rayuwa da shi watanni ko shekaru da abinci na musamman da ƙarin ruwa a ƙarƙashin fata, yawanci mililita 75 zuwa 150 duk bayan kwana ɗaya zuwa uku gwargwadon yadda likita ya tsara. Aikin yakan taru a kan mutum ɗaya, shi kuma ya yi shiru har ya cika ya fashe. A raba shi da suna: wane na safe, wance na dare, wane kai ta asibiti. Wanda ba zai iya taɓa kashi ko allura ba ya ɗauki dafa abinci da sayen magani.

Daga nan ne maganar buhu take fitowa, a kai ta bayan kasuwa ko bakin gari a saki. Wannan ba mafita ba ce. Kyanwar da ba ta iya cin abin da aka ajiye mata a kwano ba za ta iya farauta ba, ƙishi da karnuka da yara masu jifa ne za su ƙarasa ta. Hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma bar ta ta nema ba, yana cikin Bukhari da Muslim, kuma kowa ya san shi. Sai dai bai kamata a mayar da shi sandar dukan abokin zama ba, wanda ya gaji sauƙin aiki yake nema. Tambayar da za a kai wa likita ita ce ko akwai sauran magani, in babu ko ana iya rage mata raɗaɗi. A ɗauki kalanda, kowace rana da dare su biyun su sa alama: ta ci da kanta, ta tashi ta je yashi, ta nemi mutane, ko kuwa ta wuni a dunƙule, ido a runtse, kunnuwa a kwance. Bayan mako biyu kalandar za ta nuna abin da baki ya kasa faɗa. In munanan ranaku sun rinjaya, likita yana da allurar da ke sa ta barci ta cika ba wahala. Malamai sun saɓa a kan hutar da dabbar da aka fid da rai da ita, akwai masu halattawa akwai masu hanawa, don haka a tambayi malamin da su biyun suka yarda da shi, kuma kada ɗaya ya zartar a bayan idon ɗaya.

In ta mutu, ɗaya yakan so a kawo wata nan da nan don yara su daina kuka, ɗaya kuma ba ya son ganin wata tukuna. Ban da zuciya, akwai dalilin jinkiri na lafiya. Idan abin da ya kashe ta amai da gudawa ne masu tsanani irin na cutar fanlukofeniya, wadda ta fi kama ƙanana marasa rigakafi, ƙwayar tana iya zama a ɗaki har shekara guda, kuma sabulu kaɗai ba ya kashe ta. A ƙone tsummokara da kwalin, a jiƙa kwanuka da daɓe da ruwan bilic ɗin nan na minti 10, a zubar da yashin nesa. Sabuwar da za a kawo sai wadda ta kammala rigakafinta, wanda ake farawa tana mako 8 zuwa 9, a maimaita duk bayan mako 3 zuwa 4 har ta kai mako 16, a haɗa da na haukan kare daga mako 12.